Makonni Huɗu na Jira a Bakin Kogin Rayin

Sabuwar shekarar coci a Jamus ba ta jiran watan Janairu. Tana kamawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma babu ganga babu bindiga domin tarbarta. Kyandir guda ake kunnawa, shi ke nan. Daga wannan rana zuwa daren 24 ga Disamba ana cikin Adbent, lokacin jiran zuwan Yesu Almasihu, wanda mu Musulmi muke kira Annabi Isa, alaihis salam. In shekara ta matse shi ya yi kwana 22, in ta sakar masa mara ya kai 28.

A Bon na ga wannan lokaci, garin da kunnen Bahaushe ya daɗe da sani ta rediyo tun kafin idonsa ya gan shi. Abin da rediyo ba ya faɗa shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, kafin huɗu da rabi kuma ta yi sallama, in ma ta fito ke nan, domin yawanci gajimare ne ke tokare da sama tun safe. Azahar, la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke cunkushewa, mutum bai gama naɗe darduma ba lokaci ya sake yi. Sai ka zauna cikin irin wannan duhu za ka fahimci dalilin da ya sa kusan kowace al'ada ta waɗannan makonni ke da wuta a cikinta.

Jamusawa da yawa sun bar coci. A 2022 aka tabbatar cewa mabiya manyan ɗariƙu biyu na ƙasar, Katolika da Furotesta, sun kasa rabin jama'a, kuma a shekarar kaɗai Katolika fiye da dubu 500 suka cire sunansu daga rajista. Fitar ma tana da ƙa'ida: a jihar da Bon take, mutum kotu zai je, ya biya Yuro 30, daga nan a daina cire masa harajin coci, wanda ya kai kashi 9 cikin ɗari na harajin albashinsa. Duk da haka ban ga wanda ya iya cire kansa daga kalandar coci ba. Ita ke faɗa wa mai shago ranar da zai rufe, ita ke faɗa wa malamar makaranta abin da yara za su yanka su manna a wannan mako, ita ke faɗa wa mai gidan burodi irin ƙullun da zai kwaɓa.

Maganar tana farawa tun 11 ga Nuwamba, ranar Waliyyi Martin. Da magariba sai ka ga yara sun cika titi riƙe da fitilun takarda da suka haɗa da hannunsu a makaranta, wata mai siffar mujiya, wata tauraro, wata kuma sai mai ita ya faɗa maka ko mece ce. A gabansu mutum ne bisa doki, da hular ƙarfe ta sojan Rum da jar alkyabba, masu busa na biye. Martin ɗin soja ne na ƙarni na huɗu. Labarin da ake bayarwa shi ne ya tarar da wani almajiri yana rawar ɗari a ƙofar birnin Amiyan, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya miƙa masa rabi. Daga baya ya ajiye aikin soja, ya zama bishop na Tur a Faransa, aka binne shi ranar 11 ga Nuwamba, 397. Babban cocin Bon sunansa yake ɗauke da shi, don haka garin ba ya wasa da ranar. Ana kunna babbar wuta a fili, a raba wa kowane yaro burodi mai siffar mutum rungume da lofe na yumɓu, sannan yaran su bazu ƙofa-ƙofa suna waƙa ana zuba musu alawa a jaka. Na ga wani mai sayar da shawarma, ɗan Turkiyya, ya tanadi kwali guda na cakulan a bakin shagonsa tun kafin su iso. Ya san ranar sarai.

Manya kuwa dinya suke gasawa. Akwai tatsuniyar da ke cewa Martin ya ɓuya a akurkin dinyoyi don kada a naɗa shi bishop, suka yi ta kuka har suka tona shi. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne na ciki: a da, washegarin wannan rana ake shiga azumi, don haka a cinye mai maiƙo tun da sauran dama. Wani bishop na Tur mai suna Perpetuus, a ƙarni na biyar, shi ya umarci mutanensa su riƙa azumin kwana uku a mako daga ranar Martin har Kirsimeti, kuma taron bishop-bishop da aka yi a garin Makon a 581 ya ƙarfafa hakan, ya ware Litinin, Laraba da Juma'a. Azumin nasu ba na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba ne. Rage ci ne, da ƙaurace wa nama da madara da ƙwai. Ba a shagalin aure, ba a rawa. Tsofaffin kudancin ƙasar har gobe suna tuna cewa ranar Katarina, 25 ga Nuwamba, ita ce ranar rawa ta ƙarshe. Birnin Rum ya rage makonnin zuwa Lahadi huɗu, amma Milan ta ƙi, har yau shida take yi. Da aka tattara dokokin cocin Katolika a 1917, sai aka ga babu azumin Adbent a cikin abin da aka wajabta.

Azumin ya tafi, amma ya bar sawu, kuma sawun da ya fi ba ni dariya yana cikin wani burodi. Sunansa Stollen, kuma Diresden ce cibiyarsa, garin da kasuwarsa ta Kirsimeti ke ci tun 1434. Asalinsa abincin masu azumi ne: gari, yis, ruwa da ɗan man girki, abin da ba ya wuce maƙogwaro sai da lallashi. Sarakunan Saksoni suka kai kuka wurin Fafaroma a yarda musu su sa man shanu. A 1491 Fafaroma Innocent na Takwas ya amsa da takarda, ya ce an yarda, amma talakan da zai sa man shanu sai ya ba da wani abu domin ginin coci. Da ƙofa ta buɗu kuwa, sai zabibi ya shiga, ɓawon lemo ya shiga, sukari ya lulluɓe shi fari fat. Yau in ka ɗaga guda ɗaya sai ka ji nauyinsa har kafaɗa, kuma yanka biyu ya isa ya hana ka cin tuwon dare. Haka abincin tuba ya koma abin da likita ke gargaɗi a kai.

Kafin Adbent ya shigo, shekarar coci sai ta mutu tukuna. Lahadin ƙarshe Katolika suna kiranta ranar Almasihu Sarki, bikin da Fafaroma Pius na Goma Sha Ɗaya ya kafa a 1925. Furotesta kuwa Lahadin matattu suke ce mata, bisa umarnin da Sarkin Furusiya Friedrich Wilhelm na Uku ya bayar a 1816. A coci ana karanto sunayen duk waɗanda suka rasu cikin shekarar, ɗaya bayan ɗaya, daga nan a wuce maƙabarta a rufe kaburbura da rassan bishiya masu kore. Doka ta sa ranar cikin ranakun shiru. Kasuwannin Kirsimeti da suka yi azarɓaɓin buɗewa kan rufe rumfunansu ranar, ko su jira sai bayan magariba. Dattijuwar da na sauka a gidanta, wadda nake kira Mama, ba ta rataya ko ƙwan fitila ɗaya a taga sai wannan Lahadi ta wuce. Maƙwabcinta da ya riga ya naɗe barandarsa da fitilu tun tsakiyar wata kuwa, duk lokacin da ta leƙa ta taga sai ta yi tsaki.

Ranar Asabar ta jajibirin Adbent Mama ta dawo daga kasuwa da wani gammo na ɗanyen ganyen fir, faɗinsa ya kai faranti, kyandirori huɗu jajaye kafe a kansa. Washegari da la'asar ta dafa kofi, ta yanka burodin nan mai nauyi, ta kira ni. Ta ƙyasta ashana ta kunna ɗaya.

Na ce, "Mama, ga duhu ya yi, ga kyandir har huɗu, me zai hana a kunna su duka?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, in na kunna su yau, me zan kunna mako mai zuwa?"

Lahadi ta biyu aka kunna biyu, ta uku uku. Saboda na farkon ya riga sauran fara ci, kafin Kirsimeti sai su zama hawa-hawa, ɗaya ya kusa ƙarewa ɗaya ko lagwaninsa bai yi baƙi ba, har baƙo na iya duban tebur ya faɗi makon da ake ciki.

Wannan gammo bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Wani malamin Furotesta ne a Hambag, Johann Hinrich Wichern, ya ƙirƙiro shi a 1839. Yana da gidan da ya buɗe a 1833 domin yaran talakawa da suka rasa mai kula da su, kuma yaran sun ishe shi da tambayar yaushe ne Kirsimeti. Sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya jera mata kyandirori, manya farare domin ranakun Lahadi, ƙanana jajaye domin sauran ranaku, kullum a kunna ƙarin ɗaya. Mai tambaya ya je ya ƙirga da kansa. Da abin ya shiga gidajen mutane sai aka rage shi zuwa huɗu, domin ba kowa ke da falon da zai ɗauki ƙafar keke ba. Katolika sun daɗe suna kallonsa a matsayin kayan Furotesta, sai a 1925 aka fara rataya shi a wani cocinsu a Kolon.

Ƙanwar gammon ita ce kalandar Adbent, kwali mai ƙananan ƙofofi 24, ana buɗe ɗaya kowace safiya daga 1 ga Disamba. A da iyaye alli suke sawa su ja layuka a jikin ƙofa, yaro ya riƙa goge ɗaya kullum. Wani mai ɗab'i a Miyunik, Gerhard Lang, shi ya yi suna wajen buga ta a farkon ƙarni na 20, bayan yaƙin duniya na biyu kuma cakulan ya shige bayan ƙofofin. Yanzu babu abin da ba a cusawa: turare, ganyen shayi, kayan kwalliya, giya, har da ta karnuka. Wannan ɓangaren kasuwanci ne tsagwaronsa. Amma na ga jikar Mama, yarinya 'yar shekara biyar, tsaye gaban tata kalandar da sassafe, ta buɗe ƙofar ranar, ta cinye abin da ke ciki, sannan ta ɗora yatsa a kan ƙofar gobe tana shafawa. Ba kowa a ɗakin sai ni. Ta daɗe a haka, sannan ta janye hannu ta tafi neman takalminta. Mu da muka tashi muna ƙirga goman marmari, goman wuya da goman ɗokin salla mun san wannan horo, kuma ina ganin duk al'ummar da ta iya koya wa ɗan shekara biyar barin alawar gobe sai gobe ta yi wani abin kirki, ko da iyayen sun manta dalilin da kakanninsu suka fara.

Wanda ya kai ni cikin coci wani Fada ne ɗan ƙasarmu, mutumin Filato, ɗaya daga cikin limaman Afirka da Indiya da Folan da ke riƙe da majami'u a Jamus saboda 'yan ƙasar masu shiga aikin sun yi ƙaranci. Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya zaunar da ni a bencin baya, ya ce in zuba ido kawai.

Abin da na fara lura da shi shi ne babu ado. A waje gari na ta walƙiya, a ciki kuwa bagade ba furannin kirki, liman sanye da shunayya, launin da suke sawa lokacin tuba da makoki. Akwai wata doguwar waƙar ɗaukaka da suke rerawa kowace Lahadi, amma a makonnin nan sai su ajiye ta, ba za a sake jin ta a sujadar Lahadi ba sai daren Kirsimeti. Karatun ranar ma babu jariri babu komin dabbobi. Maganar ƙarshen duniya ce, da ranar shari'a, da gargaɗin a zauna a faɗake.

Da muka fito na ce, "Fada, na zo jin labarin haihuwa, kun ɓuge da tashin kiyama."

Ya yi dariya. "Malam, ai jiran biyu ne. Muna tuna zuwansa na farko, muna kuma sauraron dawowarsa. Ku ma ai kuna jiran ya dawo."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake abin da kowannenmu ke nufi da mai dawowar ya sha bamban, kuma daga ni har shi babu wanda ya nemi ya murɗe wannan bambanci don a ji daɗin hira. Lahadi ta biyu da ta uku na Yohanna Mai Baftisma ne, Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, mai wa'azin tuba a jeji. Ta huɗu ta Maryamu ce. Duk wanda ya yi karatun Suratu Maryam a makarantar allo ba zai ji sunayen nan baƙi ba, har jerin da suke zuwa. A Lahadi ta uku ana ɗan sassautawa, liman ya sa riga ruwan hoda alamar an ci fiye da rabi. Fada ya ce shi dai ba ya son rigar, amma dattawan ikkilisiya ba za su yafe masa ba in ya bar ta a kabad. Ya kuma tuna min cewa Katolika da Angilikan na Kaduna da Jos da Wusasa wannan kalanda suke bi sak. Mu maƙwabtansu shinkafa da kajin ranar 25 kawai muke gani, ba mu san an yi makonni ana shiri ba.

A gefen cocin an kafa wani ɗan dandali na gumakan katako: bukka, tumaki, makiyaya, komin dabbobi. Komin babu kowa a ciki, sai daren 24 za a sa jaririn. Masanan gabas guda uku da aka ce sun zo gai da jaririn, da raƙuminsu, kuwa can nesa aka ajiye su, kusa da ƙofar fita, kowane mako mai kula da coci ya ɗan matso da su, ba za su iso ba sai 6 ga Janairu. Mutanen Kolon sun mayar da wannan abu sana'a. Cocin Lyskirchen da ke bakin kogi yana cika nasa dandalin da siffofin mutanen unguwa, masu wanki, 'yan kasuwa, mabarata, duk a tsaye tare da makiyayan. Birnin yana ji da masanan nan uku, domin a babban cocinsa, wanda aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880, akwai akwatin zinariya da suka yi imani ƙasusuwansu ne a ciki, waɗanda aka kwaso daga Milan a 1164.

Ranakun waliyyai suna nan a warwatse cikin makonnin. Ranar 4 ga Disamba ta Barbara ce: a yanko reshen ceri a sa a ruwa kusa da abin ɗumama ɗaki, in an yi sa'a ya yi fure ranar Kirsimeti. Ita ce kuma waliyyiyar masu haƙar kwal, kuma a yankin Ruhr har yanzu tsofaffin mahaƙa na sa baƙaƙen kayansu su yi mata jerin gwano, ko da yake ramin kwal na ƙarshe ya rufe a Disambar 2018. Ranar 8 ta Maryamu ce, hutu a Ostiriya da Italiya, ranar aiki a Jamus.

Ranar 6 ita ce ta yara. A daren 5 ga wata kowane yaro zai goge takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa, da safe ya tarar da lemo, gyaɗa da cakulan a ciki. Mai kawowa Nikolaus ne, bishop na Mira a ƙarni na huɗu, garin da yanzu ake kira Demre a kudancin Turkiyya. An ce ya ji labarin wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin yi musu kayan ɗaki, sai ya riƙa jefa masa ƙullin zinariya ta taga cikin dare don kada a san shi ne. A 1087 wasu matuƙan jirgin ruwa suka kwashe ƙasusuwansa zuwa Bari a Italiya, suna can har yau. A makarantu yakan zo da doguwar hular bishop da kwagiri da wani babban littafi da aka ce halin kowane yaro na ciki, wani lokaci da baransa mai baƙaƙen kaya da tsumagiya a hannu, ko da yake tsumagiyar ta zama ta ado. A da wannan ce ranar kyauta. Martin Luther, jagoran Furotesta, da yake ba ya son a riƙa kai buƙata wurin waliyyai, shi ya ture kyautar zuwa Kirsimeti. Shi kuwa Nikolaus ya bi 'yan Holan zuwa Amurka, ya yi ƙiba, ya sauya hula, ya dawo Turai a matsayin jan tsohon nan na tallace-tallace. Yanzu a kanti ɗaya za ka ga su biyu an ƙera da cakulan, bishop da ɗan kasuwa, har wata ƙungiyar Katolika na kamfen a riƙa sayen mai kwagirin.

Kasuwar Kirsimeti ta Bon tana ci ne a dandalin da ke gaban cocin Martin, inda gunkin Beethoven yake tsaye tun 1845, rumfuna sun kewaye shi har wuya. Warin kirfa da kanumfari ne ke fara tarbar mutum, daga tukwanen giyar inabi mai zafi da kowa ke riƙe da kofinta. Wanda ba ya sha akwai ta yara, ruwan 'ya'yan itace da kayan ƙamshi iri ɗaya, sai dai a tambaya da kyau kafin a kurɓa. Ana karɓar kuɗin kofi, in ka mayar a maido maka. Ana soya wainar dankali a ci da miyar tuffa, abin da ban zaci zai haɗu ba sai da na ga na sayi ta biyu. A mashigar kasuwa akwai tubalan kankare da motar 'yan sanda, tun bayan da wani ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Balin ranar 19 ga Disamba, 2016, ya kashe mutane. Baƙo Musulmi yana wucewa ta tsakanin tubalan nan da nauyi a zuciya, ko da babu wanda ya ce masa uffan.

Kasuwa da coci suna jan igiya ɗaya, kowa ta nasa gefen. Kantuna sun fara jera kayan zaƙin Kirsimeti tun Satumba, mutane na yawo da 'yar shara. Coci na cewa a dakata, lokaci bai yi ba. In aka bi ta yawan jama'a, kasuwa ta yi nasara tuntuni. Amma da gwamnatin Balin ta yi dokar barin shaguna su buɗe a duka Lahadi huɗu na Adbent, cocin Furotesta da na Katolika suka kai ƙara, kuma ranar 1 ga Disamba, 2009, kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta ce dokar ta saɓa, domin tsarin mulkin ƙasar ya kare Lahadi a matsayin ranar hutu. 'Yan ƙwadago, waɗanda yawancinsu ba su san hanyar coci ba, sun fi kowa murna da hukuncin. A makonnin ne kuma coci ke miƙa ƙoƙon bararsa: gidauniyar Furotesta ta yaƙi da yunwa, Brot für die Welt, a Adbent na 1959 aka kafa ta, kuma kowace shekara a Lahadin farko take buɗe neman taimako.

Akwai wata sujada da suke yi da asuba a tsakiyar mako, wajen ƙarfe shida, ba a kunna lantarki ko ɗaya. Kowa da ɗan kyandirinsa a kan benci. Waɗanda na tarar ba su fi cikin bas ɗaya ba, yawanci tsofaffi, sai wata ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare da wani saurayi da hular kekensa a hannu. Sanyi ya sa numfashin kowa na fita kamar hayaƙi. Ba ta wuce minti arba'in ba, aka zarce ɗakin taro aka sha kofi da burodi, kowa ya kama gabansa tun gari bai waye ba. Daga 17 ga wata addu'o'in kan sauya, kowace rana da irin kiran da ake yi wa wanda ake jira, har kwana bakwai.

Ranar 24 shaguna na rufewa da ƙarfe biyu na rana, kafin la'asar titi ya zama wayam. Ranar ce kaɗai ake rasa wurin zama a coci, domin waɗanda ba a gani duk shekara sun zo da 'ya'yansu. Fada ya ce ba ya musu gori, wanda ya zo sau ɗaya ya fi wanda bai zo ba. A gidaje da yawa abincin daren bai wuce kwaɗon dankali da tsiran alade ko kifi ba, domin a da ranar ma ta azumi ce, dinya da sauran shagali sai 25 da 26. A lissafin coci yanzu ne aka fara Kirsimeti, kuma zai kai har bayan 6 ga Janairu, lokacin da yara kan yi shigar sarakuna uku su bi gida-gida suna rubuta albarka da alli a saman ƙofa, suna tara kuɗi domin yaran ƙasashe matalauta. A lissafin kanti kuwa an gama. Ranar 27 an karya farashin cakulan, layin masu mayar da kyautar da ba ta yi musu ba ya kai bakin ƙofa.

Wani abokin aikina ɗan Habasha bai taɓa ko ɗaya daga kayan zaƙin da aka yi ta zagayawa da su a ofis ba. Cocinsu na Orthodox bai soke komai ba: kwana 43 suke yi daga 25 ga Nuwamba babu nama, babu madara, babu ƙwai, babu man shanu, haka ma Kibɗawan Masar. Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu. Ranar da motar shara ta fara kwashe busassun bishiyoyin Kirsimeti da Jamusawa suka jibge a bakin titi, shi yana ta buga waya yana neman inda zai samu kaza mai tauri, irin ta gida, domin ya ce ta kanti narkewa take yi tun albasa ba ta nuna ba.